Tambaya da Amsa: Mun Haƙa Magudana Tare, Wa Zai Yashe Ta?

*Assalamu alaikum Malam. Mu bakwai ne muke da gonaki a jere cikin wata fadama da ruwa ke kwanciya. Shekara huɗu ke nan muka haɗa kuɗi muka haƙa magudana guda, muka tayar da jinga ta gefen rafi, kuma Allah ya sa wa abin albarka. Yanzu magudanar ta cike da laka da ciyawa. Biyu daga cikinmu, waɗanda gonakinsu ke can sama, sun ce ba za su ƙara ba da ko sisi ba, wai su ruwa ba ya kwana a wurinsu. Na uku kuma ɓangarensa na jingar ya zaizaye, kullum maganarsa sai gobe. Ni aka ɗora wa riƙon littafi, kuma na gaji. Shin mu kaɗai Allah ya jarrabta da irin wannan, ko akwai waɗanda suka taɓa yin sa a tarihi suka ci nasara?*

*Daga mai riƙon littafi*

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka yi mini afuwa, da na kai ƙarshen wasiƙarka sai da na yi murmushi, domin mutanen nan uku da ka lissafa na san su. Ban taɓa sa su a ido ba, amma suna nan cikin tsofaffin takardun Holan da Ingila tun shekara ɗari bakwai da ɗoriya: na tudu mai cewa ruwa bai shafe shi ba, da mai gobe wanda ɓangarensa ke zaizayewa. Har mai riƙon littafin da ya gaji ma yana ciki. Don haka gyara zama.

A yammacin Holan, daga wajen ƙarni na 10 zuwa na 13, manoma suka kutsa cikin wata irin fadama wadda ƙasarta ba yashi ba ce, ba kuma yumɓu ba. Tarin ruɓaɓɓun tsirrai ne da suka shekara dubbai a jiƙe, kamar soso. Suka yi ta tsaga ƙananan magudanai a jere, ruwa ya tsiyaye, suka shuka hatsi, abin ya yi kyau. Ashe irin wannan ƙasa idan ta rabu da ruwa motsewa take yi, iska kuma ta riƙa cin ta a hankali. Gonar da kaka ya bari tana sama da kogi, jika ya tarar da ita kafaɗa da kafaɗa da kogin, tattaɓa-kunne kuwa ya same ta a ƙasansa. Daga nan ba sauran zaɓi sai jinga. Ita kuwa jinga, kai ma ka gani da idonka, ko ka gina taki ɗari naka kamar ganuwa, idan maƙwabcinka ya bar taki goma, ta wurinsa ruwa zai shigo ya kwana a ɗakinka.

Abin da suka yi shi ne suka raba jingar gunduwa-gunduwa, kowane mai gona da nasa kaso gwargwadon faɗin ƙasarsa, aka kafa turaku a iyakoki don kada wani ya ce bai san inda nasa ya tsaya ba. Aka fitar da dattawa daga cikin masu gonakin, da wani jami'i a kansu da suke kira *dijkgraaf*, kamar ka ce sarkin jinga. Akwai ranaku sanannu a shekara da waɗannan mutane ke bin jingar da magudanai da ƙafa, taki bayan taki, kuma an sanar da ranar tun da wuri. Wanda aka tarar bai yi nasa ba, a nan take ake yanka masa tara. Ɗaya daga cikin irin waɗannan majalisu, ta yankin Rijnland, ta samu takardar amincewa daga William na Biyu, mai mulkin yankin Holan, a shekarar 1255. Har gobe tana aiki, ofishinta yana birnin Leiden. Sarakuna sun zo sun wuce, Sifaniya ta mulki ƙasar, Faransa ma ta mulke ta, majalisar magudana tana nan.

To, mai gobe fa? A bakin tekun arewacin Jamus da Holan akwai wata doka da ake kira dokar shebur. Idan mutum ya kasa riƙe ɓangarensa, sai ya ɗauki sheburinsa ya hau jingar ya caka shi a wurin da ya lalace, ya juya ya tafi. Idan ya yi taurin kai, mahukuntan jingar su caka masa. Shebur na nan tsaye kowa na wucewa yana gani. Duk wanda ya sa hannu ya zare shi, gonar ta zama tasa, nauyin jingar ma ya hau wuyansa. Har karin magana gare su a kai, mai cewa wanda ba zai yi jinga ba ya tashi ya ba da wuri. Ba ina ba ka shawarar ka je ka caka wa maƙwabcinka shebur ba ne. Doka ce mai tsauri, kuma ba malalaci kaɗai take kamawa ba, tana iya cin gonar wanda ambaliya ta karya sau biyu a jere, ko matar da miji ya bar wa yara ƙanana. Abin da nake so ka ɗauka a cikinta guda ne: a wurinsu gona da jinga abu ɗaya ne, ba a gadon wannan a bar wancan. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Turawan Ingila sun zo da hanyar da ta fi wannan sauƙi, kuma ita nake ganin za ta yi maka. A gundumar Kent, kudu maso gabashin ƙasar, akwai fadamar Romney. Masu gonakinta suna da mutum 24 da suke zaɓa a rantsar da su kan lura da katangar teku da magudanai, kuma Sarki Henry na Uku ya tabbatar musu da wannan iko a 1252. Duk da haka rigima ba ta mutu ba, sai da aka turo wani alƙali mai suna Henry de Bathe bayan 'yan shekaru ya zauna ya rubuta musu ƙa'ida. A auna katanga, a auna gonaki, a raba. Wanda ya yi sakaci a yi masa gargaɗi, a sa masa rana. Idan ranar ta wuce, ba a tsayawa jiransa: wakilin jama'a ya sa a yi aikin, sannan a karɓi ninkin abin da aka kashe daga hannunsa. Ka lura da hikimar. Ruwa ba zai jira a gama shari'a ba, don haka gyara ake fara yi, bashi ya biyo baya, ninkin kuma ya sa goben ta yi tsada. Wannan ƙa'ida ta yi suna har ta zama abin koyi ga sauran fadamun ƙasar, kuma babbar dokar magudanai ta 1531, zamanin Henry na Takwas, ta ambaci al'adun Romney da suna.

Maganar mutanenka biyu na sama ta fi wuya, kuma a nan aka fi kai ruwa rana. Kada ka ce ba su da hujja ko kaɗan, suna da ita. Gaskiya ne da an bar magudanar ta toshe, kai za ka nutse kafin su. Sai dai ka tambaye su: ruwan da ba ya kwana a wurinsu, ina yake tafiya ya kwana? Wannan gardama ta taɓa kaiwa har gaban sarkin sarakuna. Mai mulkin Holan ya datse wani reshen kogin Rhine a Zwammerdam don ya kare mutanensa daga ruwan da ke gangarowa daga Utrecht. Ruwan ya koma ya kwanta wa mutanen Utrecht, babban limamin cocinsu ya kai ƙara, a 1165 Sarki Frederick Barbarossa ya ce a cire madatsar. Wato na ƙasa ba shi da ikon toshe wa na sama hanya. Ɗaya gefen hukuncin, cewa na sama ma ba zai sako ruwa ya naɗe hannu ba, shi ne ya ɗauki dogon lokaci. A Ingila an daɗe a kan cewa wanda bai amfana kai tsaye ba, ba a karɓar masa kuɗi. Sai a dokar 1930 aka kafa hukumomi bisa ɗaukacin yankin da ruwansa ke zubowa cikin kogi guda, ta yadda mutanen tudu ma kuɗinsu ya shigo. A ganina, mutanenka biyu su biya, amma kada kasonsu ya kai naka. Idan ka nace sai an raba daidai wa daida, ka ba su dalilin ficewa.

Yanzu bari in ba ka labarin inda aka yi abin da ƙarfi, don ka ga bambanci. A gabashin Ingila akwai wata ƙatuwar fadama da suke kira Fens. A 1630 wani basarake, Francis Russell, mai sarautar Bedford, ya haɗa kai da masu kuɗi 13 suka ɗauki alkawarin busar da kudancinta, ladansu eka 95,000 daga ƙasar da za a samu. Wani injiniya ɗan Holan, Cornelius Vermuyden, shi sunansa ya fi fita a aikin. Aka tsaga kogi miƙaƙƙe ɗoɗar mai tsawon mil 21, aka gama a 1637. Bayan yaƙin basasar ƙasar aka tsaga na biyu kusa da shi, har da fursunonin yaƙi 'yan Sikotilan da 'yan Holan cikin masu haƙa, aka bar fili tsakanin kogunan biyu da gangan don ruwan ambaliya ya samu wurin kwanciya. Ta fuskar aiki ba a cewa komai. Har ma sun yi abin da ku ba ku yi ba: tun ran gini ran zane, sun ware eka 40,000 da harajinsu zai riƙa tafiya kan gyara.

Amma ba wanda ya tambayi mutanen da ke cikin fadamar. Su ba su ɗauke ta a matsayin ɓatacciyar ƙasa ba. A cikinta suke kamun kifi da agwagin daji, su yanki ciyawar jinka, su yi kiwo idan ruwa ya janye. An wayi gari an ce wurin ya zama na wasu. Sai suka riƙa fita da dare suna fasa jinga, suna lalata ƙofofin ruwa, suna cike magudanai, har aka yi musu laƙabi da damisoshin fadama. An sha kai sojoji. Sai 1663 aka kafa hukuma tsayayyiya ta riƙe aikin, ita ma ta yi ta fama da bashi.

Abin da ya ƙara jefa ta cikin bashin na gan shi da idona. Lokacin da na je wani kwas kan aikin ruwa a Ingila, malaminmu ya kwashe mu wata safiya mai sanyi zuwa wani daji kusa da ƙauyen Holme, cikin fadamar Fens ɗin. Itatuwa ne masu farin ɓawo, ƙasar baƙa wuluk, idan ka taka sai ka ji tana ɗan lotsawa kamar katifa. A tsakiyarsu ga wani ginshiƙin ƙarfe tsaye, an ɗaure shi da ƙarafa ta gefe don kada ya kife. Malamin bai ce komai ba, sai ya sa mafi tsawo a cikinmu ya tsaya a gindinsa ya miƙa hannu sama. Hannun bai wuce tsakiyarsa da yawa ba. Sannan ya ce mana a 1851, shekarar da aka busar da tafkin Whittlesey da ke kusa, an kafa ginshiƙin nan ne har kansa ya yi daidai da doron ƙasa. Ba ginshiƙin ne ya tsiro ba, ƙasar ce ta sauka, kusan mita 4. Na ɗaga kai ina kallon inda ƙafar mutum take takawa a da, sama da kaina nesa. Wurin yanzu yana ƙasa da teku da mita 2.75, kuma shi ake lissafawa mafi kwari a Birtaniya. Kogunan da aka tsaga don su kwashe ruwa sun zama suna gudu sama da gonaki, sai an ɗaga ruwan an zuba musu. Shi ya sa a kewayen wurin yanzu ake sayen wasu gonakin ana mayar musu da ruwa da gangan, don abin da ya rage na baƙar ƙasar kada ya ƙare.

Ban san irin ƙasarku ba, ta yiwu yumɓu ce wadda ba ta sauka haka. Amma laka za ta dawo kowace damina, wannan ba makawa. Kuskurenku, kuma kusan kowa da shi yake farawa, shi ne kun ɗauki haƙa magudana a matsayin aikin da ake gamawa. Kun haɗa kuɗin haƙa, ba ku yi maganar na yasa ba.

Su ma 'yan Holan ba su tsaya kan rabon gunduwa-gunduwa ba. Da tafiya ta yi nisa suka gane wani kasonsa ya faɗa inda igiyar ruwa ke duka kullum, wani kuma nasa yana lungu ba abin da ke taɓa shi, ga shi aikin mutum ɗari ba ya zama iri ɗaya. A hankali, yanki bayan yanki, suka koma kowa ya zuba kuɗi a asusu guda gwargwadon ƙasarsa, majalisa ta ɗauki ma'aikata su gyara jingar baki ɗaya. Ƙa'idar da suke taƙaita abin da ita kalma uku ce: amfani, biya, ta cewa. Gwargwadon amfaninka gwargwadon biyanka, gwargwadon biyanka kuma gwargwadon bakinka a majalisa. Ta ukun nan ita ce mutanen Fens ba su samu ba. Ba kuma cewa nake tsarin Holan bai taɓa gazawa ba. Wajen 1950 majalisun sun haura 2,500, da yawansu ƙanana ne ba su da ƙarfin riƙe jingar teku, kuma ambaliyar daren 31 ga Janairu zuwa 1 ga Fabrairun 1953 ta kashe mutum 1,836 a ƙasar. Bayan nan aka yi ta haɗe su, yau saura 21, suna karɓar harajinsu da kansu, ana kuma zaɓen wakilansu duk shekara huɗu.

Ku bakwai ne kacal, ba ku bukatar sarkin jinga. Ka tara su kafin ruwa ya sauka, ba a gida ba, a bakin magudanar, ku bi ta da ƙafa tun daga sama har inda take zubewa, kowa ya ga lakar da idonsa, na sama su ga inda ruwansu ke bi. A nan za ku yanke kason kowa, ku sa ranaku biyu na dubawa a shekara, ku rubuta maganar ninki, kowa ya sa hannu, da shaidu biyu da ba su da gona a wurin. Ɓangaren mai gobe ku gyara shi bana daga asusu, ku rubuta masa bashi. Littafin kuma kada ya ƙara shekara biyu a hannun mutum guda. Idan ka tambaye ni, ɗaya daga cikin na saman nan za ka fara miƙa wa.

*Baba Malam, ina yini. Ɗaliba ce ni, kuma wani abu ya daɗe yana ɗaure mini kai. Idan an kewaye fadama da jinga don kada ruwan kogi ko na teku ya shigo, to ruwan saman da ya zuba a ciki ta ina yake fita? Ai duk ƙofar da aka bar masa, na waje ma zai bi ta.*

*Daga ɗalibarka*

Lafiya lau, 'yata, Allah ya yi miki albarka. Amsar ta danganta da ko ruwan waje yana sauka ƙasa da na ciki wani lokaci. Idan ba ya sauka, sai ɗagawa. 'Yan Holan sun fara sa injin iska mai manyan fikafikai ya yi musu wannan aiki tun farkon ƙarni na 15, kuma da yake guda ɗaya ba ya ɗaga ruwa fiye da mita ɗaya da 'yan kai, sai su jera uku ko huɗu, wannan ya miƙa wa wancan kamar matakala. Da irinsu arba'in da wani abu aka busar da tafkin Beemster a 1612. Tafkin Haarlem kuwa sai da injin tururi ya zo, manya guda uku, aka gama da shi a 1852. Filin jirgin saman Amsterdam a cikin tsohon tafkin nan yake zaune.

Inda teku ke cika tana janyewa sau biyu a yini kuwa, dabarar ta fi ban sha'awa. Wasu Faransawa da suka zauna a gabashin Kanada, waɗanda ake kira Akadiyawa, sun yi gonakinsu a bakin mashigin Fundy, inda tsakanin cikar teku da janyewarta kan kai mita 12 ko fiye. A gindin jingarsu sukan binne wani dogon kwararo na katako, wani lokaci gungumen itace ne aka rarake. A cikinsa akwai marfi guda rataye daga sama, wanda ba ya buɗewa sai ta wajen teku. Teku ta janye, ruwan gona ya tura marfin ya fice. Teku ta dawo, ita da kanta za ta danne shi ya rufe, kuma iya ƙarfin turinta iya ƙarfin rufuwarsa. Ba mai gadi, ba mai kunnawa. Sukan bar sabuwar gona shekara biyu ko uku ruwan sama ya wanke gishirin ta wannan kwararo kafin su shuka. Iyalai ne ke haɗuwa su yi, domin dole a rufe bakin rafi cikin 'yan sa'o'in da teku ta ba da baya.

A 1755 mahukuntan Birtaniya suka kwashe Akadiyawa daga ƙasar, aka watsa su, jingogin suka zauna ba mai dubawa. Guguwar Nuwamban 1759 ta fasa su, teku ta koma cikin gonaki. Da sababbin manoma suka iso daga yankunan Ingilishi na Amurka a 1760 aka raba musu filayen, sai suka tarar ba su iya aikin ba. Akadiyawan da suka rage a tsare a hannun hukuma, su aka fito da su suka gyara jingogin gonakin da aka ƙwace musu, suka kuma nuna wa baƙin yadda ake rataya marfin. A Grand-Pré, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙauyukan Akadiyawan, har yau masu gonakin wurin suna da ƙungiyarsu ta lura da fadamar.